Tunkiya Ba Ta Hawa Bene

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gaba da tunkiya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ni tela ne, sunana Ilyas, mutumin Kano, shagona yana bakin gangaren da ake sauka cikin unguwa a PK8, nan Libreville. Tunkiyar kuwa ta maƙwabcina ce, Malam Ɗanlaraba. Ta cinye mini tef ɗin awo har biyu. Ta cinye takardar da na rubuta awon wani ango ana saura kwana uku biki. Ta taɓa tauna gefen shaddar wata hajiya, sai da na rage wa zanen tsawo na ce mata haka ake yayi bana. Amma ranar da aka ce dole a raba ta da mai ita, ni ne na kasa zura zare a allura.

Ɗanlaraba Ba'are ne, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi a Nijar. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana, in ya yi maka sallama ya tambayi mutanen gida to ya gama hirar ranar. Ya zo Gabon yana saurayi, ta ruwa, da riga biyu da sunan wani ɗan garinsu da aka ce masa yana tashar jiragen ruwa ta Port Môle. Ya tarar mutumin ya koma gida tun bara. Tunda ya riga ya iso bakin ruwan, sai ya tsaya nan ya kama dako. Shekara tara yana sauke buhuna da kwalayen kifi daga jirgi, yana kwana a bayan shagon wani Bamale, har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Daga baya ya koyi tuƙi, ya samu wata tsohuwar a-kori-kura, ya koma ɗaukar kaya: siminti yau, katako gobe, amma galibi kayan masu ƙaura daga gida zuwa gida. Ya je gida sau ɗaya ya auro Oumou, 'yar ƙauyensu, mace mai baki wadda take yin maganar mutum biyu, tata da tasa. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Khairunnisa. A nan aka haife ta, a nan ta yi makaranta, Faransanci ya fi Hausa saurin zuwa bakinta.

Tunkiyar a cikin motar tasa aka haife ta. Gabanin wata babbar salla aka ɗauke shi ya kwaso tumaki daga babbar motar da ta kawo su daga Kamaru. Suna cikin cunkoson hanya da rana tsaka, wata tunkiya da ta sha wahalar tafiya ta haihu a bayan motar, ta mutu kafin a samo wuƙa. Mai dabbobin ya dubi 'yar abin da ta bari, jiƙe sharkaf, ko tsayuwa ba ta yi, ya ce a jefa a kwata. Ɗanlaraba ya ɗauke ta. Ya sa ta a kwali, ya ajiye a kujerar gaba, ya biya kanti ya sayi bulumboti da madarar gari. Oumou ta yi faɗa har maƙwabta suka ji, ta ce ita ta gama raino tun tuni, sannan kuma ita ce take auna zafin madarar a bayan hannunta. Wata shida 'yar tunkiyar tana yawon gari a kujerar gaba, har 'yan tasha suka sa mata suna Fasinja, sunan kuwa ya bi ta.

Uda ce, doguwa mai dogayen kunnuwa, gabanta baƙi bayanta fari, kamar an fara tsoma ta a rini aka fasa. Wanda ya san garin nan ya san ba ƙasar tumakin arewa ba ce. Ruwa wata tara a shekara, ƙasa kullum a jiƙe, kofato ya ruɓe, dabba ta fara ɗingishi, shi ke nan. Ɗanlaraba ya kafa mata dandamalin katako a bayan ɗakinsa ya rufa da kwano. Kowace la'asar ya ɗauki lauje ya bi gefen titi ya yanko ciyawa, ya shanya ta sha iska kafin ya ba ta, don ɗanyar ciyawar nan kumbura ciki take yi. Masu soya ayaba suna tara masa ɓawo, mai kanti yana ajiye masa busasshen burodi. Kanwa kuwa daga Nijar ake kawo masa. Duk wanda zai je gida ya san saƙon Ɗanlaraba ke nan, ba turare ba, ba kilishi ba. Khairunnisa tana 'yan mata a lokacin, in ta taho da ƙawayenta daga makaranta ta hango uban da lauje da tunkiya a bayansa sai ta sake hanya.

Abin haushin, juya ce. Sau uku yana kai ta wurin rago, ko alama. Ba ɗa, ba nono, sai ci da ɓarna. In ka tambaye shi amfaninta sai ya ce kiwo yake yi. Duk babbar salla ana tsokanarsa ko bana za a ci Fasinja, shekaru biyar na farko yana cewa ba ta kai ba. Daga nan sai muka wayi gari yana cewa ta wuce. Shekarar da ta yi daidai dai ba wanda ya gan ta.

Da Oumou ta rasu, shekara shida ke nan, Khairunnisa kuma ta yi aure ta koma unguwar Glass inda take aiki a wani kantin magani, gidan ya rage daga shi sai tunkiya. Bai taɓa cewa yana sonta ba. Namiji mai furfura ba ya faɗin irin wannan a kan dabba. Amma ni da nake kallonsu ta saman keken ɗinki na san abin da na gani. In ya dawo aiki ya zauna a bencin ƙofar shagona, sai ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwarsa, yana susar ƙasan wuyanta yana ba ta labari ƙasa-ƙasa: wanda ya rasu a ƙauye, ramin da ya fasa masa taya, yadda ruwa ya cinye hanyar PK9. Ni da na ba shi bencin ko rabin wannan hirar ban taɓa samu ba. Na sha ce masa sabo turken wawa. Sai ya ce ai ba shi kaɗai ne wawan ba, tunda ni ma kullum da ɓawon dankali nake fitowa daga gida. Wannan kuwa don kada ta ci mini yadi ne, ba don komai ba.

Da ruwa ya dawo a watan Oktoba sai labari ya zo. Tsohuwar da ke da filin da yake haya ta rasu, 'ya'yanta sun sayar. Wanda ya saya zai rushe ya yi gini, an ba masu haya zuwa ƙarshen Nuwamba. Gaskiya ko ba a sayar ba, lokacin tashin Ɗanlaraba ya yi. Gidan a cikin kwari yake, duk babban ruwa sai ya shiga ɗaki. Ga ciwon suga, wanda ya taɓa ka da shi a ƙasa tun safe, sai da na ga azahar ta yi bai fito ba na sauka na tarar da shi. Khairunnisa da mijinta Ismaël sun daɗe suna roƙonsa ya koma wurinsu. A hawa na biyu suke a wani bene, sun gyara masa ɗaki mai taga tana kallon ruwa. Ya ce to. Ya ce an gode, Allah ya yi albarka. Sannan ya tambayi inda Fasinja za ta kwana.

Kada a ɗauki alhakin yarinyar nan, ta yi ƙoƙari. Ta je wurin mai benen, ya saurare ta har ƙarshe don ya zaci wasa take yi. Ƙasan benen shaguna ne, gabansa titi, barandarsu kuwa igiyar shanya ma da ƙyar ta samu wuri. Ni ma na tuntuɓi maiɗakina ko za mu riƙe ta, alhali tsakar gidanmu mu shida ne masu haya muke raba ta. Ta ce in zaɓa, ko ita ko tunkiya. Na ɗan yi shiru kafin in amsa, shirun nan ya jawo mini kwana biyu ba a yi mini magana.

Shawara kuwa ta zo buhu-buhu, kuma duk bakinsu ɗaya. Liman ya ce a yanka a yi wa marigayiya sadaka, lada ya isa gare ta, wa kuma zai ce ba gaskiya ya faɗa ba? Mai gasa nama na bakin titi ya zo jaje, yana gaisuwa hannunsa yana kan gadon bayan Fasinja yana latsawa. Ɗanlaraba ya ɗauke hannun a hankali ya mayar masa da abinsa. Wani ɗan ƙasarsu mai fili a Nzeng-Ayong ya aiko cewa a kawo ta, akwai wuri. Ya kai ta da sassafe cike da murna. Mutumin ya yi ta godiya, ya ce wallahi ta zo a kan gaɓa, matarsa watan haihuwarta ne. Kafin azahar na ga motar ta dawo, Fasinja a baya tana taunar abinta.

Ranar ce ya zauna a bencina ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo tun da na san shi.

"Ilyas, na san halas ta. Ban ce Liman ya yi kuskure ba. Amma wuyan da nika susa kullum, ƙaƙa zan aza mishi wuƙa? Ko wani ya aza, ai ni na miƙa ta."

Sai na taka keke na yi ta ɗinka abin da na riga na ɗinka.

Bayan kwana biyu ya zo da sabuwar dabara. Ya samo wani ɗakin katako can bakin daji a hanyar Ntoum, ba wuta, ba famfo, amma akwai ciyawa har gwiwa. A can zai zauna da tunkiyarsa. Da Khairunnisa ta ji, da farar rigar aikinta ta zo shagona, tana magana rabi Hausa rabi Faransanci, hawaye na zuba. Ta ce ta rasa uwa, yanzu kuma tunkiya za ta ƙwace mata uba. In suga ya sake ka da shi a can, wa zai ga azahar ta yi bai fito ba? Gaskiya ta faɗa. Shi ma ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa abinci ya daina shiga, riga ta fara yi masa yawa, ni da na ɗinka ta na fi kowa gani. Magana dai ta tsaya a kan abu biyu: ko a samo wa Fasinja inda za ta ƙarasa tsufanta ba wuƙa, ko Ɗanlaraba ya bi ta daji mu rasa shi.

Ana saura kwana huɗu wata ya ƙare na ce masa, da wasa-wasa, ai sai Salman. Salman Bafulatani ne daga wajen Dakoro, dillalin tumaki, yana da fili da shinge can gaba da PK12. Fulani da Arawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, Salman kuwa ba ya barin nasa haƙƙin ya kwana. Duk Juma'ar da suka haɗu a masallaci sai ya tambayi Ɗanlaraba yadda namansa ya tashi. Ɗanlaraba ya ce wannan ai ba kura ajiyar nama ne. Na ce to, kurar ce kaɗai ke da ciyawa a garin nan. Ya tashi ya tafi. Washegari da safe ya zo ya ce in rufe shago in raka shi.

A tafiyar nan aka yi mini wulaƙancin da ba zan manta ba. Ya ce shigarta ta ƙarshe ke nan a motar, don haka a gaba za ta zauna. Ya shimfiɗa buhu a kujera, ya lallaɓa ta ya cusa ta ciki, ni kuma da furfurata na hau baya tare da katakon dandamalinta da buhun dusa. 'Yan tasha suka yi ta ɗaga mini hannu suna tambaya ko ni za a sayar.

Mun tarar da Salman cikin raguna sun fi sittin, wasu dattawan Fulani biyu suna shan shayi a tabarma. Aka gaisa, aka zagi juna yadda ya kamata, Salman ya ce yau bawa ya tuna da ubangidansa. Ɗanlaraba ya sauko da Fasinja, ya ce kyauta ya kawo. Na san tun daga PK8 yake shirya sauran maganar a bakinsa, wato kada a yanka, kada a sayar. Amma wanda ya ba da kyauta ba ya riƙe igiyarta. Kuma ta yaya za ka dubi mutumin da sayar da tumaki ne abincinsa, ka ce ya ciyar da tsohuwar juya har ta mutu don kanta? Sai ya bar maganar a kan kyautar kawai.

Salman ya tsuguna ya buɗe bakinta, ya ga haƙoran da suka rage hannu ɗaya ya isa ya ƙirga su. Ya shafa hantsarta. Ya ɗaga kofatanta ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallon yadda aka gyare su tsaf, ba ruɓa ko kaɗan. Sannan ya ɗaga kai ya dubi mai ita, wannan kallon ya fi wancan daɗewa. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya ce shi ba ya karɓar kyautar Ba'are, saye kuma ba zai saya ba, don wuƙarsa sabuwa ce ba ya so ta karye. Na ji kamar in shaƙe shi. Ɗanlaraba ya ja igiya ya juya zai koma mota.

Sai Salman ya kira dattawan nan biyu ya ce su matso su yi shaida. Ya cire malfarsa, ya sake tsugunawa, wannan karon a gaban Ɗanlaraba, muryarsa ba wasa a cikinta.

"Ɗanlaraba, ka ga garkena, maza ne zalla, yau suna nan gobe an kwashe. Ba ni da uwa ko ɗaya. Ina roƙonka ka ba ni wannan habbanaye."

Ni ban san kalmar ba, ɗaya daga cikin dattawan ne ya yi mini bayani. Al'adar Fulanin ƙasarsu ce. In mutum ya rasa dabbobinsa, ɗan'uwa ko aboki yakan ara masa mace ɗaya. Za ta zauna a hannunsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita. Kafin nan ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko sanda ba a ɗaga mata, ita ake fara ba ruwa kafin dabbobin gida. Wanda ya ci amanar habbanaye ba ya sake ɗaga kai a cikin mutane. Talaka ne yake roƙonta, ba mai raguna sittin ba. Kuma duk wanda ke tsaye a wurin, har ni tela, ya san Fasinja ba za ta haifi ko ɗaya ba, balle uku. Ba wanda ya yi dariya.

Ɗanlaraba ya san al'adar, kusa da ruga ya tashi. Ya tsaya da igiya a hannu. Da ƙyar ya ce, "Ka san juya ta."

"Ni ban tambaye ka ba," in ji Salman. "Haihuwa ta Allah ce. Ran da ta cika uku zan kawo maka ita da ƙafata. Kuma tunda taka ce, sai ka riƙa zuwa kana duba dukiyarka. In ka yi Juma'a biyu ban gan ka ba, zan shaida wa duniya Arawa ba su san darajar dabba ba."

Aka yi fatiha. Ɗanlaraba ya ɗaure ta da hannunsa a gindin mangwaro, kusa da ɗakin matar Salman, Djaïba, nesa da ragunan kasuwa. Muka kafa mata dandamalin. Sannan ya shiga jero umarni: a shanya ciyawa kafin a ba ta, a jiƙa burodi saboda haƙoranta, kanwa kaɗan ba kullum ba, kuma ba ta son a taɓa kunnenta na hagu. Salman da aka haifa a tsakiyar garke ya tsaya yana gyaɗa kai kamar yau ya fara ganin tunkiya.

Tafiyar ce ta yi wuya. Da ta ji ƙarar motar sai ta miƙe ta ja igiya har tana shaƙe kanta, ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji a bakinta ba. Ɗanlaraba ya sa hannu ya karkatar da madubin mota sama. Mun ɗan yi nisa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, shekara ashirin da ɗoriya yana kwasar kayan masu ƙaura, ya sha ganin kare a madubin nan yana bin mota har ya gaji ya tsaya a tsakiyar titi, masu shi kuma suna kusa da shi ko waiwaye ba sa yi. Ya ce a lokacin yakan ce a ransa waɗannan ba su da imani. Ashe wasunsu waiwayen ne ba za su iya ba. Daga nan ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kansa a sitiyari. Na zauna a kujerar da ke warin tunkiya ina kallon matan da ke sayar da rogo a bakin hanya, ni ma idona ya cika. Ba zan ce ƙura ce ba, don an yi ruwa da safen.

Ran Asabar ya koma Glass, motar kuma aka sayar da ita. Makon farko, in ji Khairunnisa, da la'asar ta yi sai ya miƙe ya rasa inda zai nufa, ya ƙare a taga yana kallon jiragen ruwa. Ya rataya leda a kicin ɗinta yana tara ɓawon ayaba da guntun burodi. Ta yi mita kwana biyu, ta gaji, ta fara zubawa da kanta. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau taksi-bis, ƙaramar bas ɗin haya, da ledarsa, ya sauka a PK8 ya ɗauke ni, muka wuce. Fasinja ta rame. Salman ya ce kwana uku ta yi ba ta taɓa komai ba, sai da Djaïba ta zauna kusa da ita tana ba ta a tafin hannu. Da ta hango mai ita saura kaɗan ta tumɓuke turken, ta kusa ka da shi ƙasa. Rabuwar ranar ma sai da aka yi kuka, ita a fili, shi a ɓoye. Haka Juma'a ta biyu, haka ta uku, har na fara tunanin ko azaba muka raba musu kashi-kashi.

Amma a hankali riga ta fara komawa daidai a jikinsa. Yana shan maganinsa a kan lokaci don kada Khairunnisa ta hana shi fita ran Juma'a. Ya saba da dattawan tabarmar nan. Wata rana ya ga raguna uku na Salman suna ɗingishi, sai ya nemi wuƙa ya zauna ya gyare musu kofato, ya nuna inda za a kafa musu katako su bar kwana a laka. Yanzu in ya isa sai an tara masa masu ciwon ƙafa suna jiransa. Salman yana gaya wa masu saye wai ya samu bawa mai aiki kyauta, amma shi ne yake zuba masa shayin farko.

Wajen wata uku bayan haka Khairunnisa ta ce yau ita za ta kai mu a motar mijinta, tana so ta ga ƙanwarta, wato tunkiyar. Mun tarar da Fasinja kwance a inuwar mangwaro, Djaïba tana tsintar shinkafa a faifai, tunkiyar ta ɗora haɓarta a kan ƙafar matar. Ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Ɗanlaraba ya tsaya daga bakin shinge ya yi mata kiran da ya saba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta amsa sau ɗaya. Ba ta zabura ba. Sai da ta gama taunar abin da ke bakinta, sannan ta miƙe a hankali irin na tsofaffi, ta zo ta sa kai a gwiwarsa. Da za mu tafi ta rako mu iyakar igiyarta, ta tsaya tana kallonmu, daga nan ta juya ta koma wurin Djaïba ta kwanta. Ba ta yi kuka ba.

Muka kama hanya har muka wuce PK12. Ni dai ina baya ina kallon ƙeyar Ɗanlaraba. Khairunnisa ce ta tambaye shi a hankali ko ya ji zafi.

"Na ji," ya ce. "Kamar ran da na fara zuwa ganinki ɗakin mijinki. Na taho da shirin lallashi, tun daga matakala na jiyo dariyarki. Na tsaya nan, raina ya ɓaci, kuma na gode ma Allah. Duka biyun lokaci guda."

Ta yi dariya hawaye na zubo mata, har sai da na ce ta dubi titi, ni ina da iyali. Suka sauke ni a PK8. Na leƙa ta taga na tambaye shi ko zai sauko mu sha shayi a bencin shago. Duk wata ukun nan in zai ambaci Glass, sai dai ya ce wajen Khairunnisa, ko kuma benen nan. Ranar ya dubi sama ya ce a bari sai wata Juma'ar, hadari ya haɗu, gara su isa gida kafin ruwa ya sauko.